Makin da ba a faɗi dalilinsa ba: daga damben Riyad zuwa cikin ajinmu

Ranar Litinin 30 ga Oktoba 2023 na shiga aji da safe, ban kai ga ajiye jakata ba wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu. Na zaci kan aikin gidan da na ba su zai yi tambaya. Sai ya ce: "Mushe, in mutum ya kada abokin karawarsa kowa yana gani, aka kuma ce wanda ya faɗi shi ne ya ci, mene ne amfanin ƙoƙari?" Aji ya kaure da hayaniya, kowa ya san abin da yake nufi. Ni kuwa na ba shi amsar da har yau nake jin kunyarta. Na ce masa haka duniya take, na ce su buɗe littafi.

Ƴan'uwa malamai da iyaye, wannan amsa tawa guba ce, kuma da yawa daga cikinmu irinta muke ba yara kullum. Shi ya sa na dawo kan wannan dambe ko da ya kwana biyu, don abin da ya faru a Riyad yana faruwa a kan teburinmu duk lokacin da muka ɗauki jan bik.

Ga abin da ya faru, ga wanda bai bi ba. Daren Asabar 28 ga Oktoba 2023, a birnin Riyad na Saudiyya, aka haɗa Tyson Fury ɗan Ingila, zakaran duniya na masu nauyi a ƙungiyar WBC wanda ba a taɓa cinsa ba a lokacin, da Francis Ngannou ɗan Kamaru. Ngannou tsohon zakaran UFC ne, wato faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokowa, amma wannan ne karonsa na farko a damben zamani na ƙwararru. Kusan kowa ya ɗauka wasan yara za a yi. A turmi na 3 Ngannou ya kai wa Fury naushin hagu a ka, sai ga zakaran duniya a ƙasa. Fury ya tashi, aka ci gaba har turmi 10 suka cika. Alƙali ɗaya, Ed Garner, ya ba Ngannou 95 da 94. Alan Krebs ya ba Fury 95 da 94. Juan Carlos Pelayo ya ba Fury 96 da 93. Aka ɗaga hannun Fury.

A fada muka kalla, ana ta zuba shayi, kuma ina cikin waɗanda suka miƙe suna ihun an yi fashi. Ba abin mamaki ba ne. Ngannou tun yana ɗan shekara 10 yake haƙar yashi a garinsu Batie. Da ya tashi neman Turai ya bi ta Najeriya, ya ratsa ƙasarmu ta Nijar, ya shiga Aljeriya da Maroko, ya tsallaka Sifen a 2013 inda aka tsare shi wata biyu, daga baya ya yi kwanan waje a Paris. Wace zuciya ce a Maraɗi ko Damagaram ba za ta bi shi ba? Ƙari kan haka, mu a dambenmu na gargajiya faɗuwa ita ce hukunci. Hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. A kokowa ma da muke rububin kallo lokacin gasar takobi, wanda aka kai ƙasa shi ya faɗi, makaho kaɗai zai yi gardama. Da wannan ido muka kalli damben Riyad.

Sai dai damben zamani ba da wannan ma'auni ake auna shi ba, kuma tun kafin a buga ƙararrawa duka mutanen biyu sun san ƙa'idar. Alƙalai uku ke zama a gefuna dabam-dabam na fage. Kowane turmi jarrabawa ce mai zaman kanta: wanda ya fi a turmin ya samu 10, ɗayan ya samu 9. In an kada mutum amma ya tashi kafin a ƙirga 10, a al'ada turmin ya zama 10 da 8. Abin da ake dubawa huɗu ne: naushin da ya shiga da kyau, matsa wa abokin karawa lamba da amfani, iko da fage, da iya kare kai. Ke nan faɗuwar Fury maki ɗaya ta ƙara wa Ngannou bisa wanda zai samu da cin turmin kawai. Kamar ɗalibi ne da ya ci 20 bisa 20 a lissafi: ya burge, amma sai an tara da sauran darussa kafin a ce ya wuce.

Tun da malamai nake wa magana, mu yi lissafin tare. Turmi 10, ɗaya daga ciki 10 da 8. Wanda ya rubuta 95 da 94 don Ngannou ya raba turmin biyar-biyar ne, faɗuwar ta raba gardama. Wanda ya rubuta 95 da 94 don Fury ya ba shi turmi 6, ya ba Ngannou 4. Mai 96 da 93 ya ba Fury 7, Ngannou 3. Ku duba da kyau: tsakanin Garner da Krebs tazarar turmi ɗaya ce tak. Da Krebs ya juya turmi guda, da Ngannou aka ɗaga wa hannu. Akwai kuma gwiwar hannu da Fury ya kai wa Ngannou a turmi na 6, wadda doka ta hana, alƙalin tsakiya bai cire masa maki ba. Da an cire ɗaya, takardar Krebs za ta koma 94 da 94, a tashi canjaras. Masu ƙirga naushi na CompuBox sun ce Fury ya shigar da 71, Ngannou 59, amma a naushi masu nauyi Ngannou ne gaba.

Bayan sati na zauna ni kaɗai da takarda da bik, na kashe murya, na sake kallo turmi bayan turmi. Na tashi da 95 da 94 don Ngannou. Har yau ina kan haka. Amma na ga turmi uku da in wani ya ba Fury ba zan ce ya yi ƙarya ba, domin akwai inda Ngannou ya tsaya yana jiran babban naushi, Fury kuwa yana ta tsokanarsa da hannun gaba yana tara maki. Wannan shi ne abin da nake son faɗa wa ɓangare na farko, masu cewa an zalunci Ngannou don baƙar fata ne, a rufe magana. Ku nawa kuka zauna kuka ba kowane turmi maki? Ku nawa kuka san ma ana yin haka? Wariyar launi tana nan a duniya, ba wanda ya isa ya musa. Amma in duk hukuncin da bai yi mana daɗi ba muka kira shi wariya tun ba mu duba ƙa'ida ba, ranar da aka yi wariyar gaske ba mai sauraronmu. Abin da ya fi damuna, yara suna jinmu. Yaron da ya ji ubansa yana cewa komai an riga an shirya shi, gobe in ya faɗi jarrabawa cewa zai yi mushe ne ba ya ƙaunarsa, ba zai ƙara buɗe takardar ya ga inda ya ɓata ba.

To amma fushina mafi girma yana kan ɓangare na biyu, masu cewa alƙalai sun yanke, su ne masana, kowa ya yi shiru. Wannan magana ta fi ta farko haɗari, don tana zuwa da rigar hankali da ladabi. Ruwa ba ya tsami banza. Mutane sun yi zargi saboda akwai abin da ke sa zargi. Wata ɗaya kafin damben Riyad an riga an sanar cewa Fury ya sa hannu zai kara da Oleksandr Usyk ɗan Yukren, karawar da za ta haɗa duka manyan kambunan masu nauyi wuri ɗaya, da kuɗin da ba sa ƙirguwa. Da Fury ya sha kashi hannun sabon shiga, da darajar wannan ciniki ta zube. Ba ina cewa an sayi wani alƙali ba, ba wanda ya kawo shaidar haka, kuma ba zan ɗora wa mutum laifin da ban gani ba. Abin da nake cewa shi ne tsarin da kansa yana gayyatar zargi. A damben ƙwararru, bisa yadda aka saba, daga aljihun mai shirya wasa kuɗin alƙalai ke fitowa, ko da hukuma ce ta naɗa su. Makin yana ɓoye har a gama. Bayan an gama kuma, ɗan dambe da jini a fuska sai ya tsaya gaban ƴan jarida ya yi bayani, alƙalin da ya yanke masa hukunci kuwa ya ɗauki jakarsa ya tafi masauki, ba a tambaye shi ko me ya gani a turmi na 7 ba.

Tarihin wannan wasa cike yake da dalilan da za su hana mai hankali yin shiru. Ranar 13 ga Maris 1999 a Madison Square Garden na birnin New York, Lennox Lewis ya shigar wa Evander Holyfield naushi 348, Holyfield ya rama da 130, aka ce canjaras. Alƙaliya Eugenia Williams ma Holyfield ta ba nasara, 115 da 113. Sai da aka sake haɗa su a watan Nuwamba na shekarar Lewis ya karɓi haƙƙinsa. Ranar 9 ga Yuni 2012 alƙalai biyu suka ba Timothy Bradley nasara kan Manny Pacquiao ɗan Filifin, 115 da 113. Surutu ya yi yawa har ƙungiyar WBO ta sa wasu alƙalai biyar suka sake kallon wasan, dukansu suka ba Pacquiao, amma sakamako bai canza ba. Ɗaya daga cikin alƙalan biyun nan, C. J. Ross, aka sake ba ta babban wasa a 2013, ta rubuta 114 da 114 tsakanin Floyd Mayweather da Canelo Alvarez ɗan Meziko, wasan da kowa ya ga Mayweather ya yi nisa. Sai bayan wannan ta janye. Ranar 16 ga Satumba 2017 a Las Vegas, Canelo ya kara da Gennady Golovkin ɗan Kazakistan. Alƙali ɗaya ya ba Golovkin 115 da 113, ɗaya ya ce 114 da 114, Adalaide Byrd ta ba Canelo 118 da 110, wato turmi 10 cikin 12. Mutum uku a zaure ɗaya, dare ɗaya, kai ka ce wasa biyu aka yi.

Akwai bambanci tsakanin 95 da 94 na Riyad da 118 da 110 na Las Vegas. Na farko saɓanin gani ne da mutane masu gaskiya ke iya yi. Na biyu kuskure ne da ya wajaba a tsayar da mai shi ya yi bayani. Matsalar ita ce in ba a bayani, mai kallo ba shi da hanyar raba su. Sai ya haɗa su duka ya kira su cuta, ko ya haɗa su duka ya kira su ƙaddara. Alƙalin kirki shi ya fi kowa asara a wannan duhu, don ana zaginsa tare da na banza.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni da na yi ihu kan alƙalan Riyad, shekara nawa na yi ina abin da suka yi? Na sha rubuta 9 bisa 20 a saman takardar yaro da jan bik, in zagaye shi, ba kalma ko ɗaya a gefe. Wata shekara uban wata ɗaliba tawa, manomi, ya zo har makaranta da takardarta a ninke cikin aljihu. Ya cire hula ya gaida ni, ya ce: "Malam, ban yi boko ba, ba gardama na zo yi ba. Yarinyar nan kwana uku ba ta ci abinci da kirki ba. So nake ka nuna mata inda ta ɓata, don kada ta sake." Na karɓi takardar, na karanta, wallahi na kasa tuna abin da ya sa na ba ta 9 ban ba ta 11 ba. Da tsakar dare na gyara ta, tana cikin na ƙarshe-ƙarshe, ido ya gaji. Na kuma tuna cewa tun kafin in karanta layin farko na ga sunanta, na riga na sa ta cikin masu rauni. Abin da ake zargin alƙalan dambe da shi ke nan, cewa turmin da ya yi kusa sai su jingina shi ga mai suna. Tsakanin 9 da 11 akwai 10, kuma duk mun san abin da 10 take nufi ga ɗiya mace a gidan da ake jiran dalili ɗaya a ce karatun ya isa haka.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don ni ma na faɗa. Aji ya cika maƙil, takardu tuli, ga ƴan kwantiragi da ke jiran albashi, wa ke da lokacin rubuta wa kowane yaro bayani? Za su ƙara da cewa in ka buɗe ƙofar tambaya, kowane uba zai zo yana ciniki kan maki kamar a kasuwar Maraɗi. Gajiyar gaskiya ce, ba na raina ta. Amma ƴan dambe ma suna da irin wannan uzuri. Ƙungiyar WBC tana da tsarin sanar da maki bayan turmi na 4 da na 8, ana amfani da shi a wasu ƙasashe, wasu sun ƙi, suna cewa wanda ya san yana gaba zai riƙa gudu ya ɓata wasa. Ku lura da wanda uzurin ke karewa: daɗin ƴan kallo da kwanciyar hankalin alƙali. Wanda ake dukan kansa ba a tambaye shi ba. Haka namu uzurin yake kare hutunmu da girmanmu, yaron da makin zai bi har ƙarshen shekara ba ya cikin lissafi. Game da ciniki kuwa, abin da na gani akasin haka ne. Malamin da ke da ma'auni a rubuce shi ya fi ƙarfin cewa a'a, don yana da abin nunawa. Wanda makinsa ke fitowa daga ka kawai shi ake iya lanƙwasawa, da roƙo ko da goro.

Kuma ba sabon abu nake kawowa ba. A jarrabawar BEPC da Bak ana rufe sunan ɗalibi, masu gyara suna aiki da ma'auni ɗaya da aka tsayar. In mun yarda hakan ya dace a ƙarshen zango, don me zai zama raini a jarrabawar aji, inda yaro ke koyon ko duniya tana da ƙa'ida ko ba ta da ita?

Ga abin da nake kira gare shi, kuma na fara da kaina. Malami ya rubuta ma'auni a allo kafin jarrabawa: wannan tambaya maki kaza, tsari kaza, tsabtar harshe kaza. Ya ninke kan takarda ya rufe suna kafin ya fara gyara. Duk takardar da ta faɗo tsakanin 8 da 11 ya ware ta, ya sake karanta ta da safe, ko ya ba abokin aiki ya duba ba tare da ya ga makin farko ba. Ya rubuta ko da layi ɗaya ne a gefe. Ranar mayar da takardu ya ba da minti 15 na tambaya, kuma in ya yi kuskure ya gyara a gaban aji, girmansa ba zai ragu ba. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo yana cewa an cuce shi, kada ku ce masa ƙarya yake, kada kuma ku ɗauki sanda ku nufi makaranta. Ku ce ya kawo takardar. Ku je da ita cikin mutunci kamar manomin nan, ku tambayi inda aka ɓata. Haƙƙinku ne, kuma malamin da ya fusata da wannan tambaya ya ba ku amsa ba tare da ya sani ba.

Bayan sati biyu na koma wa yaron bencin baya da tambayarsa. Na ɗauki rubutun wani tsohon ɗalibi, na cire suna, na raba aji kashi uku, na ce kowane kashi ya ba shi maki. Suka kawo 8, 11 da 13. Aka yi dariya, wani ya ce ga alƙalan Riyad. Sai na rubuta ma'auni a allo, na ce su sake, kuma kowane kashi ya tashi ya faɗi dalilin kowane maki. Wannan karon suka kawo 10, 11 da 11. Saɓanin bai ɓace ba, amma ya ragu, kuma kowa ya iya nuna da yatsa inda yake. Na ce wa yaron: ƙoƙari yana da amfani. Ngannou bai samu hukuncin ba, amma bayan daren nan WBC ta sa shi na 10 a jerin masu nauyi, mutumin da bai taɓa yin damben ƙwararru ba kafin wannan. Cikin Maris 2024 Anthony Joshua ya kashe shi a turmi na 2, ba wanda ya yi gardama, don kowa ya gani. A watan Mayu kuma Fury da kansa ya tsaya yana sauraron alƙalai biyu suna ba Usyk nasara, ɗaya yana ba shi, ya ɗanɗana abin da Ngannou ya ɗanɗana.

Na ce masa kuma in an ba shi makin da bai gane ba, a ajina ko a wani wuri, kada ya yi ihu kuma kada ya haɗiye. Ya nemi ma'auni, ya yi lissafinsa, sannan ya zo da ladabi ya ce a nuna masa. Tun daga ranar ya fi kowa damuna da tambaya in na mayar da takardu. Sau biyu ya kama ni da kuskuren tarawa, sau biyun na gyara masa a gaban aji.